Fararen Tayoyi Arba'in da Biyu

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ba zan rubuta komai a kan abin da ya faru jiya ba. Jirgi lafiyarsa lau, ni ma haka. Taya guda ce ta yi tsalle, tsohuwar tayar mota da aka shafa wa farin fenti, kuma da an jera su yadda ya kamata a gefen fili, da ƙafar jirgina ba ta same ta ba wajen sauka. Magana ta ƙare.

Wannan littafin na na'ura ne. Na buɗe shi don in riƙa rubuta abin da na ƙara mata da abin da na cire, saboda na fara mantawa. Na'urar koyon tuƙin jirgi ce da na haɗa a ɗakin 'yata Tiyana bayan ta koma aiki birnin Novi Sad: allo uku, sanda, totur, matakan ƙafa, da kujerar tsohuwar motata. Matata Dushanka jirgin ɗaki take ce mata. Shekara talatin da shida da aurenmu, har yau ba ta taɓa ganin abin da nake so ta bar shi da sunansa na gaskiya ba.

Yau na sauke wa na'urar ƙunshin ciyawa daga intanet. Masu shi sun ce har ganye sai ka ƙirga. Na ɗora shi a kan filinmu, wanda wani ɗan Portugal ya zana daga hoton tauraron ɗan adam, na zauna a bakin hanyar tashi na duba. Ta gefe ciyawar ta yi kyau, ba laifi. Tsakiya kuwa dishi-dishi, kamar an shafa yatsa mai maiƙo a allon. Na goge allon sau biyu. Ga kuma layin fararen tayoyin nan na hannun dama, ya yi ciki ya karkace daidai wajen tankin ruwa. Wato har a cikin kwamfuta ba a iya jera taya ba.

Ranar Asabar 24 ga wata Tiyana za ta tashi ita kaɗai karo na farko. Jirginta ba shi da inji, da igiya ake jan sa zuwa sama, kuma shekara goma sha tara ke nan ni ne mai ja a kulob ɗinmu. Ni zan ja ta. Takardar lafiyata tana aiki har Oktoba. Na duba ta da safen nan, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Bikin waliyyin gidan Gvozden. Shi ne kum ɗina, Kume muke kiran juna, wato shi ya tsaya mini ranar aure, shi ya raɗa wa Tiyana suna, ga shi kuma shugaban kulob, don haka ba yadda za a yi in ƙi zuwa. An kunna kyandir, an juya burodi an karya, an ci gasasshen rago. Matarsa ta cika gishiri a sarma, naɗin kabeji da nama, kamar kowace shekara.

Ya miƙo mini kwalbar rakiya, barasar gida, ya ce in zuba wa mutane. Na zuba wa uku daidai. Na huɗu, tebur ya sha rabi.

"Kawu Milutin, ashe tun daga gida ka fara bikin?" in ji Slavolyub, aka kwashe da dariya.

Slavolyub likitan haƙori ne, shi ne ɗaya matuƙin jirgin ja. Yana sauke jirgi kamar mai jefar da buhun dankali, amma baki gare shi. Na ce masa ya kula da haƙoran mutane ya bar mini hannuna.

Daga baya Gvozden ya ja ni baranda.

"Kume, tayar nan ta shekaranjiya."

"Ku jera su da kyau mana."

"Da igiya muka jera su bara. Kai ka riƙe baki ɗaya."

"To wani ya ture su da tarakta wajen yankan ciyawa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mai yiwuwa ne." Na tsani mutum ya yarda da maganata da irin wannan muryar. Na bar masa barandarsa.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙunshin gajimare: ya yi. Ƙunshin bishiyoyi: ya nauyaya na'urar, na cire. Ƙunshin haske, wanda ke fito da gefen abubuwa tar ya kuma ƙara kala: wannan ya ɗan taimaka. Na tura ma'auninsa rabi, na ga ba komai, na tura shi ƙarshe.

Dushanka ta shigo da kofi, ta tsaya a bayana.

"Tsoho, wannan ciyawa ce ko ƙwan Ista?"

"Haka ciyawa take a watan Mayu."

"A wace ƙasa? Ka ƙure kalar nan har idona ciwo yake."

"To idonki ne."

"Nawa," ta ce. "Haka ne, nawa ne."

Ta ajiye kofin, ta ajiye wani ɗan kati kusa da shi ta fita. Ita ta buga wa asibitin ido waya da kanta, ba ta shawarce ni ba. Alhamis mai zuwa, ƙarfe goma, Novi Sad. Na ɗora kofin a kan katin don kada tebur ya yi tabo.

Tayoyin suna nan yadda suke.

Juma'a, 9 ga Mayu, tsakar rana

Na rubuta wa ɗan Portugal. Ban zage shi ba, amma zai gane bai burge ni ba.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Na ja sau bakwai yau. Bakwai, ba tangarɗa. Wanda ke da magana ya zo ya faɗa.

Shekara ashirin da biyu na yi ina feshin gonaki kafin in zo kulob, ina bi ta ƙarƙashin wayar lantarki da jirgi cike da magani. Inji da kunne nake jin sa. Allurorin ma'aunan gabana na san inda kowace take tsayawa, ba na buƙatar karanta lamba. In mutum ya ɗan karkata kai, ya kalli gefen abin da yake so ya gani, abin yakan fito. Dabara ce ta tsofaffin matuƙa, ba wani abu ba.

Biyu daga cikin bakwai ɗin Tiyana ce a kan igiya, Gvozden na zaune a bayanta yana koya mata. Da ta sauko ta rugo ta rungume ni, shekararta talatin da ɗaya amma kamar 'yar makaranta.

"Baba, bin ka kamar tafiya a kan dogo. Ko motsi igiyar ba ta yi."

"Aikina ke nan, ɗana."

Ɗana nake ce mata tun tana cikin zane, kamar yadda ubana yake ce wa ƙannena mata. Na zaga bayan rumfar jirage in sha taba. Sai a ashana ta huɗu ta kama. Akwai iska.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ɗan Portugal ya ba da amsa, cike da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. Wai kowace taya da lambobin awo ya ajiye ta, ba da ido ba. Har ya turo hoto ya ja jan layi a kansu, ya ce in duba yadda suke a miƙe.

Na duba. Jan layin da ya ja da hannunsa shi ma a karkace yake, amma yana ce mini a miƙe. Zamanin da muke ciki ke nan. Yaro bai taɓa shaƙar man jirgi ba, yana zaune a bakin teku yana koya mini filin da na sauka a kansa sau dubbai.

Akwai manhajar da ake buɗe fili da ita a matsar da abubuwa. Na sauke ta. Tunda ba wanda zai yi, ni zan yi.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina kai. Tayoyin arba'in da biyu ne a hannun dama. Ga yadda nake yi: in zauna a cikin jirgi a bakin hanya, in ga wadda ta fita layi, in koma manhajar in matsa da ita kaɗan, in dawo in sake dubawa.

Da farko abin ya so ya haukata ni. In na gyara nan na kalli can, sai karkatar ta yi tsalle ta bi ni. Manhajar ba ta da kyau, ina jin. Sai na kafa wa kaina doka: ido a kan tankin ruwa kawai, yadda nake yi lokacin tashi na gaske. Da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai na matsar. Rufin rumfar ma ya lotsa a tsakiya, na ɗaga shi. Sandar buhun da ke nuna inda iska ke kaɗawa ta lanƙwashe, na miƙar da ita.

Ɗazu na zauna na duba. Layi ɗaya santal, daga hancin jirgi har tanki. Ban taɓa totur ba, na zauna kawai ina kallo har kofina ya huce. Rabon da in ga filinmu haka tun kafin Kirsimeti.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. A na'ura nake nufi.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Mun je. Mun dawo.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Dushanka ce ta tuƙa. Ta ce tana son ta motsa hannu, ni kuma ban yi gardama ba.

Likitar ba ta kai Tiyana shekaru ba. Ta ba ni takarda mai layuka kamar ta littafin lissafi, da ɗigo a tsakiya, ta ce in rufe ido ɗaya in faɗa mata abin da na gani. Na faɗa mata abin da ya kamata a gani. Ta ce to. Sannan ta sa haɓata a kan wani inji mai ɗaukar hoto, shi kuma ba ya tambayar mutum komai. Ta juyo allon tana nuna wa Dushanka, suna magana ƙasa-ƙasa a kaina kamar ni tukunya ce a kan wuta. Idon dama ya fi lalacewa, na hagu ya fara. Allura kowane wata. Ba ta ce zai dawo ba, cewa ta yi za a riƙe abin da ya rage.

"Wane aiki kake yi, Kawu?"

Dushanka ta buɗe baki. Na riga ta.

"Na yi ritaya. Aikin gona na yi."

Ba ƙarya na yi ba, a kan gonaki na yi rayuwata. A hanya mun tsaya mun sayi burek, burodi mai nama a ciki, ba wanda ya ci. Ta manna takardar mai layuka a jikin firji da maganaɗisu, daidai inda zan gan ta duk lokacin da na je ɗaukar madara. Na daina shan madara.

Takardata tana aiki har Oktoba.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ruwa tun asuba, ba tashi yau. Ban ji haushi ba, kuma na ji haushin da ban ji haushi ba.

Rabin 'yan kulob suna da irin wannan na'urar a gida, suna gwaji a kan filin ɗan Portugal mai karkatattun tayoyi. Na tura musu nawa a zauren kulob na waya. Na rubuta: "Na gyara filinmu. Duk mai so ya sauke, kyauta." Su ga aikin wanda ya san wurin.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Slavolyub ne ya fara. Ya ɗauki hoton filina daga sama ya turo: "Kawu Milutin, maciji ka ba kwangilar?" Wani ya ce rufin rumfa ya yi doro kamar raƙumi. Wani ya tambaya ko rakiyar Gvozden ce har yanzu ba ta sake ni ba. Fuskokin dariya sun kai ashirin. Na ƙara girman hoton, na karkata kai, na kalle shi ta gefe.



Can sai na ga saƙonnin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Gvozden ne kaɗai ke da ikon gogewa. Shi bai rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma tun daga nan zauren ya yi tsit, ko hasashen yanayi ba wanda ya turo. Da sun ci gaba da dariyar da ya fi mini. Yanzu mutum ashirin suna zaune a gidajensu da hoton abin da ke cikin kaina, kuma ni na aika musu da hannuna, har ina cewa kyauta.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Tiyana ta zo daga aiki ba ta sanar ba. Ta ce tana son ta gwada sauka a jirgin ɗaki kafin Asabar. Aikinta awon ƙasa ne, kullum tana bayan abin awo mai ƙafa uku tana raba wa mutane iyakar gona. Ita na zaunar a gaban filina.

Ta rage kalar da farko. Ta tashi, ta zaga, ta sauka lafiya. Sannan ta tsayar da jirgin a bakin hanya ta zura wa allon ido.

"Baba, zo ka zauna."

Na zauna. Ta durƙusa a gefena.

"Ina kake kallo in za ka tashi?"

"Tanki."

"Kalle shi. Yaya layin yake?"

"A miƙe."

Ta miƙa hannu ta taɓa wani abu, filin ɗan Portugal ya dawo.

"Yanzu fa?"

Ta mayar da nawa, ta sa yatsa a allon tana bin tayoyin, yatsan yana fita yana dawowa.

"Mita biyu da rabi a nan. Kusan uku a nan. Aiki mai kyau ka yi, Baba. Ko ni ba zan auna shi daidai haka ba."

"Uwarki ce ta aiko ki."

"Mama ba ta ce mini komai ba, ka hana ta ai. Na ga takardar firji. Na kuma ga hoton Slavolyub kafin a goge."

Na ce mata sau bakwai na ja ranar Asabar. Na ce ita da bakinta ta ce kamar dogo. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake wannan aikin, kuma ba 'yar awon gona ce za ta sauke ni daga jirgi ba. Na ɗaga murya, na sani. Ta bari har na gama.

"Ba zan sauke ka ba. Tun ina shekara goma sha biyu nake cewa kai za ka ja ni ranar nan. In ka ce mini kana gani, zan ɗaura igiyata a jirginka in bi ka. Ba ka taɓa yi mini ƙarya a kan jirgi ba."

Ta sumbaci kaina ta je kicin wurin uwarta. Da ta zage ni da na san abin yi. Wannan tarbiyyar Dushanka ce, su ɗora wa mutum kaya su tafi shan kofi.

Laraba, 21 ga Mayu, tsakar rana

Ban kunna ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Gvozden ya zo da tumatirin dashe wai na Dushanka. Shekara arba'in bai taɓa kawo wa kowa tumatir ba. Ya shigo ɗakin ya cika mini kujera da ƙaton cikinsa, ya ce in kunna masa ya ga abin da ake ta magana a kai. Ya duba, ya sosa ƙeya.

"Gajimaren sun yi kyau."

"Faɗi abin da ya kawo ka, Kume."

"Ba abin da ya kawo ni. Takardarka tana aiki, ni ba likita ba ne. Ba ni da hujjar karɓar makulli a hannunka, kuma ko ina da ita, kum ba ya yi wa kum haka."

"To madalla."

"Na dai ce wa Slavolyub ya zo ranar Asabar. Ya zauna kawai."

"Ya zauna ya yi me? Ya cire wa jirgi haƙori?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a ƙofa.

"Ranar Asabar ba na bayanta, Milutin. Ina ƙasa da oba-oba a hannu. In ka kauce mita uku a guje, ita bin ka za ta yi, don haka muka koya mata. Ni na raɗa mata suna."

Na ce ya gaida gida. Duk sun iya magana. Kowa ya wanke hannunsa tas ya bar mini ruwan. Ba wanda ya tambaye ni me zan zama ranar Lahadi in na sauka, tsoho mai zaman benci yana riƙe wa mutane hula.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Hasashe ya ce gobe sama garau, iska kaɗan daga arewa. Na yi fatan ruwa, ban samu ba.

Dushanka tana goge farar rigata ta tashi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗaya na haifa, Milutin." Ta rataye rigar a jikin ƙofa.

Na gwada tashi sau goma sha biyu a na'ura, a filina. Duk daidai.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Na yi aski. Na sa rigar. Makulli yana aljihuna.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Na duba mai, na duba igiya da hannuna tun daga wannan baki har wancan. Slavolyub yana zaune a benci yana ta kallon takalmansa. Dushanka ta zo filin, abin da ba ta yi ba shekara goma. Tiyana ta sa lemar sauka a baya, ta zo gefen jirgina ta ɗago kai.

"Baba?"

"Shiga jirginki, ɗana."

Ba ta ƙara tambaya ba, ta tafi. Na hau, na tayar da inji, muryarsa lafiya lau. Na matsa a hankali har igiya ta miƙe, na ji ɗan fizgar nan a bayan kujera. Mita sittin, a ɗaure tam, nauyin jirgi a wancan bakin. Oba-oba ta yi ƙara, Gvozden ya ce, "Igiya ta miƙe. In ka shirya."

Kafin in tura totur kullum nakan duba madubi. Dubi ɗaya, shekara goma sha tara. Na duba.

Igiyar ta fito daga wutsiyata a miƙe, ta yi tafiya kaɗan, sai ta lanƙwasa. Ina jin ta a bayana tana ja, na san ba abin da zai lanƙwasa igiyar da ke ja. Ba ɗan Portugal a nan, ba tarakta, ba manhaja. Na bi ta da ido zuwa ƙarshenta, inda ya kamata in ga hancin farin jirgi da fuskar 'yata a bayan gilashi. Fukafuki biyu na gani, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsakaninsu toka-toka, ba kowa.

Na karkata kai, ta fito. Ta ɗaga mini babban yatsa. Na miƙe kai, ta ɓace.

Hannuna yana kan totur. Ban san tsawon lokacin ba. Gvozden bai sake magana ba, Allah ya saka masa, ko da yake ba zan faɗa masa ba.

Na kashe inji.

Ban taɓa jin filin nan ya yi shiru haka ba, har tsuntsaye ana ji. Na sauko, na taka zuwa benci, na ajiye makullin a cinyar Slavolyub.

"Kada ka fizge ta. In kun kai bishiyoyi akwai iska daga dama. Kuma in ka jefar mini da jirgi wajen sauka, ni zan cire naka haƙoran."

"To, Kawu," ya ce. Bai ƙara komai ba, karo na farko a rayuwarsa.

Ya ja ta. Ya ɗan fizga, na ji a kunnena. Kowa ya ɗaga kai yana nuni, ga ta can, ta saki igiya, ta juya. Na ɗaga kai inda suke nunawa, sama kawai. Dushanka ta kama haɓata ta juya fuskata gefe kaɗan, sai ga ɗan farin abu yana yawo a gefen idona. Haka na kalli tashin 'yata na farko, minti goma sha huɗu, ina kallon wani wuri dabam.

Ta sauka sumul. Aka yi mata al'adar kulob, aka ba ta damin ƙaya da ciyawa a matsayin fure, aka kifa ta a kan fiffike kowa ya ɗaɗa mata duka ɗaya. Wanda ya ja shi ke fara duka. Slavolyub ya ja da baya ya ba ni hanya. Na ce masa doka doka ce, ba ni na ja ba. Na tsaya a layi bayan mai tuƙa tarakta.

Da ta miƙe tana dariya tana hawaye ta ce, "Ka gani, Baba?"

"Na gani."

Wannan ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Suna tashi. Ana jin injin daga lambu. Slavolyub yana ba shi wuta fiye da kima.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Alhamis allura ta farko. Dushanka za ta tuƙa. Na sa takardar lafiyata a ambulan na ba Gvozden ya kai inda ake kaiwa, da sauran wata biyar a jikinta. Kowa sai yaba mini yake, wai na yi abin da ya dace. Matar Gvozden har da aiko da sarma. Ban ji na yi wani abin kirki ba. Ji nake kamar an yi mini fashi da rana, kuma ni na buɗe musu ƙofa.

Jiya kafin ta koma, Tiyana ta zauna a gaban na'urar ta ce minti biyar ya ishe ta ta mayar da tayoyin inda suke, tana da lambobin. Ta riga ta kama linzamin kwamfutar. Na riƙe hannunta.

"Bar su."

"Baba, a karkace suke."

"Na sani, ɗana. Bar su."

Ta tafi da jirgin ƙasa na yamma. Yau na cire ƙunshin gajimare, na cire na ciyawa, ba su da amfani a wurina. Tayoyin kawai na bari. Na zauna a bakin hanya, na sa ido a kan tanki. Duk duniya nan ne kaɗai filinmu ya rage a miƙe, kuma a yadda likitar ta faɗa, kafin kaka ƙila sai na sake matsar da su.